Finafinan da ake kallo sau ɗaya a haƙura: da wanne za ka fara?

Akwai finafinan da in ka gama kallo za ka ce wallahi an yi aiki a nan, amma in aka ce zo a sake kunnawa sai ka ce a'a, ku dai ku kalla, ni na yafe. Kuma kyan nasu ne ya jawo haka. Ba irin kukan fim ɗin Indiya nake nufi ba fa, wannan mun saba da shi tun muna yara, ko Sadma na 1983 da ake ta maganar ƙarshensa, inda Kamal Haasan ke birgima a tashar jirgin ƙasa yana kwaikwayon biri ko Allah zai sa Sridevi ta tuna shi, ita kuma tana kallonsa a matsayin mahaukaci mai bara, duk da zafin wurin mutane na komawa su sake kallo saboda waƙoƙin da ita kanta Sridevi ɗin. Waɗanda zan kawo yanzu babu waƙar da za ta dawo da kai.

Su ne Come and See na Tarayyar Sobiyet, da Quo Vadis, Aida? na Bosniya, da Grave of the Fireflies na Japan, sai finafinai biyu kan kisan Ruwanda wato Hotel Rwanda da Sometimes in April, sai Beasts of No Nation. Tunda babu mai zuciyar da zai jera su a mako guda, gara mutum ya san wanne ya dace da shi kafin ya ƙona datarsa da barcinsa. Zan taɓa labaran har ƙarshe, don yawancinsu tarihi ya riga ya faɗi yadda aka ƙare, babu wani abin ɓoyewa.

Bari in fara da mafi nauyi. Come and See ya fito a 1985, Elem Klimov ne darakta, tsawonsa minti 142, kuma sun rubuta shi ne tare da Ales Adamovich wanda shi kansa ya shiga daji ya yi yaƙin sari-ka-noƙe da sojojin Jamus yana matashi. Labarin a Belarus yake a 1943. Yaro ne mai suna Flyora, ya tono tsohuwar bindiga a cikin yashi yana ta murna zai shiga cikin mayaƙan daji, uwarsa na kuka tana roƙonsa kar ya tafi, shi kuwa baki har kunne. Daga nan fim ɗin ba ya sake barinka ka huta. An yi ruwan bama-bamai a dajin, kunnen yaron ya toshe, sai Klimov ya toshe naka kunnen kai ma, maganar mutane ta koma can nesa, wani irin ƙara na ta yi maka zuwwa na tsawon lokaci. Ya koma ƙauyensu tare da wata yarinya Glasha, gida ba kowa, ga miya da sauran ɗuminta a tukunya, ga ƙudaje, ga 'yartsanar ƙannensa a yashe a ƙasa, shi ya dage wai ya san inda suka ɓuya sai ya kwasa da gudu, ita ce ta waiwaya ta hango gawarwakin mutanen ƙauyen a jibge bayan wani gida. Daƙiƙa kaɗan aka nuna wurin. Shi bai waiwaya ba.

Sai babban wurin, wanda duk wanda ya kalla yake magana a kai: aka tara mutanen wani ƙauye kaf a cikin wani ginin katako, aka ce wanda zai fito ya fito ta taga amma ya bar yaransa a ciki, sannan aka cinna wuta, sojoji na tafi suna dariya suna ɗaukar hoto, har da ɗora wa Flyora bindiga a ka don hoton ya yi kyau. Ba ƙirƙira ba ce. A ƙarshen fim ɗin an rubuta cewa ƙauyuka 628 aka ƙona tare da mutanensu a Belarus, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Khatyn, ranar 22 ga Maris 1943, mutum 149. Yaron da ya fito a matsayin Flyora, Aleksei Kravchenko, bai wuce shekara 14 ba lokacin da aka fara ɗauka, kuma harsashi na gaske aka riƙa harbawa a wasu wuraren. A farkon fim fuskarsa ta yaro ce, a ƙarshe duk ta yamutse ta zama ta tsoho, kuma 'yan wasan suna yawan tsayawa su zuba wa kamara ido, wato kai suke kallo kenan. Klimov bai sake yin wani fim ba har ya rasu a 2003.

A ganina a cikin duka shidan nan shi ne ya fi ƙarfi ta fuskar sana'ar fim, ba na ma jayayya a kan wannan. Amma shi ne na ƙarshe da zan ce wa mutum ya fara da shi. Na farko yana tafiya a hankali sosai, wanda ya saba da fim mai bos da jarumi zai ƙosa tun kafin a yi rabin awa. Na biyu ba ya yi maka bayani, ba ya ce ga dalilin yaƙin, ga waye wane, jefa ka kawai yake yi a ciki. Na uku kuma, a waya asararsa za ka yi, rabin aikin a sauti yake, in ba ka da abin ji na kunne mai kyau ko talabijin a ɗaki shiru to ka bari sai ka samu. Akwai kuma wurin wata budurwa da sojoji suka yi wa fyaɗe, ba a nuna aikin ba amma an nuna ta bayan nan tana tafe jini na bin ƙafafunta, don haka ba na zaman falo da iyali ba ne ko kaɗan.

To ga kishiyarsa. Quo Vadis, Aida? na 2020, Jasmila Žbanić ce ta yi shi, ita 'yar Sarajevo ce da ta rayu cikin ƙawanyar da aka yi wa birnin. Minti 100 da 'yan kai ne, kuma kusan ba za ka ga jini a cikinsa ba. Labarin Srebrenica ne, garin Musulmin Bosniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a matsayin tudun mun tsira tun 1993, ta ajiye sojojin Holan su yi gadi, sai ga shi ranar 11 ga Yulin 1995 dakarun Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Ratko Mladić sun shigo garin ba wanda ya tare su, cikin 'yan kwanaki aka kashe maza da samari sama da 8,000. A dutsen tunawa da ke Potočari, kusa da garin, an rubuta 8,372.

Aida malamar makaranta ce da ta zama tafinta ga sojojin Holan ɗin. Tana da katin aiki na Majalisar rataye a wuya, saboda haka ita tana da kariya, amma mijinta da 'ya'yanta maza biyu suna cikin dubban da suka zo neman mafaka a sansanin sojojin. Fim ɗin gaba ɗaya gudu take yi, daga wannan ofis zuwa wancan, daga wannan hafsa zuwa wancan, tana neman a saka sunan mutum uku a cikin jerin ma'aikatan da za a fita da su. Abin da ya fi ci min rai shi ne aikin nata da kansa, ita ce ke ɗaukar lasifika ta faɗa wa mutanenta da yarensu cewa ku kwantar da hankali za a kai ku wuri mai aminci, ku fito biyar-biyar, alhali ta ji abin da ake cewa a ɗakin taro kuma ta san ba haka ba ne. Ga Mladić ya zo da mai ɗaukar masa bidiyo ana raba burodi da cakulan a gaban kamara, ga bas-bas an jera, mata da yara nan, maza can. Akwai wurin da wani matashi cikin masu bindigar ya gane ta, ya gaishe ta da malama cikin fara'a har yana tambayar ɗanta, don tsohon ɗalibinta ne. Akwai kuma inda ta durƙusa a gaban hafsan Holan tana cewa to in ba za a saka duka ba a saka ɗaya daga cikin yaran, shi kuma yana ce mata doka ba ta ba da dama ba.

Lokacin kisan ma ba a nuna ba. An shigar da mazan wani zaure, bakin bindigogi suka leƙo ta wasu ƙananan tagogi a sama, sai kamara ta fita waje inda yara ke buga ƙwallo, ka ji ƙarar daga can. Bayan shekaru ta dawo garin, ta tarar da wasu na zaune a gidanta, ta je wani babban ɗaki da aka shimfiɗa ƙasusuwa da tsummokaran tufafi a ƙasa, mata na bi layi-layi suna duba ko za su gane nasu. Daga baya ta koma aji tana koyar da yara, a cikin iyayen da suka zo kallon wasan makaranta har da waɗanda suka yi aikin. Jasna Đuričić da ta fito a Aida Basabiya ce, kuma wanda ya fito a Mladić, Boris Isaković, mijinta ne a zahiri, ka ga kuwa ba ƙaramin ƙarfin hali suka yi ba. Fim ɗin ya shiga takarar Oska a 2021, ya kuma ci kyautar gwarzon fim na Turai a shekarar. Shi Mladić sai 2011 aka kama shi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2017, gwamnatin Holan kuma sai 2022 ta nemi gafarar iyalan.

In aka ajiye waɗannan biyun gefe da gefe, bambancin a fili yake. Come and See jikinka yake kamawa, kai na sarawa, ciki na juyawa, ka tashi a gajiye. Aida kuwa haushi yake bar maka, irin haushin da ke dawowa bayan kwana biyu kana cikin wani aikin, saboda babu wani dodo a ciki, mutane ne masu kaki da takardu da tambari, kowa na cewa ba shi da iko, an buga waya sama ba a ɗauka ba, wanda ya kamata ya ba da umarnin kawo jirage wai ba ya ofis. Kuma shi Aida yana riƙe mai kallo tun daga minti na farko, ko wanda bai taɓa jin sunan Bosniya ba zai bi labarin, uwa ce ke neman ceton 'ya'yanta, wa zai kasa gane wannan? Shi ya sa in mutum ya ce min ɗaya tak zai iya, wannan nake cewa ya ɗauka. Matsalarsa ɗaya, dole ka iya karanta fassarar da ake rubutawa a ƙasa da sauri, don ana ta sauya yare tsakanin Bosniyanci da Turanci da yaren Holan, kuma maganar ba ta jiran kowa.

Grave of the Fireflies kuwa tarko ne, kuma ina so iyaye su ji wannan da kyau. Katun ne, zane mai kyau, ga 'yar yarinya mai kumatu a jikin fosta, sai mutum ya ɗauka na yara ne ya kunna musu ya tafi kicin. Kar ki yi haka, 'yar uwa. Isao Takahata ne ya yi shi a kamfanin Studio Ghibli a 1988, minti 89 kacal, an ɗauko shi daga gajeren labarin Akiyuki Nosaka na 1967, wanda ƙanwarsa ta mutu da yunwa a ƙarshen yaƙin kuma ya rayu yana ganin laifin kansa. Abin mamaki a Japan tare aka riƙa haska shi da My Neighbor Totoro a tikiti ɗaya, fim mai daɗi na yara, ka yi tunanin halin iyalan da suka shiga silima a ranar.

A birnin Kobe ne a 1945, jiragen Amurka na zubo bama-baman wuta. Seita ɗan shekara 14, ƙanwarsa Setsuko 'yar 4, uwarsu ta ƙone ta rasu, uban hafsan sojan ruwa ne yana fagen daga ba labari. Tun jimlar farko fim ɗin ya gaya maka cewa Seita ya mutu ranar 21 ga Satumba 1945, a tashar jirgi, saboda haka ba ka da wani fatan da za ka riƙe, kallo kawai kake yi yadda abin ya faru. Suka koma gidan wata gwaggonsu, da farko lafiya, da abinci ya fara ƙaranci sai gori ya fara, ta sa aka sayar da tufafin uwarsu aka karɓo shinkafa, ta riƙa zuba wa nata masu kauri tana ba su ruwa-ruwa, tana cewa ai ku ba ku tsinana wa ƙasa komai. Duk wanda ya san zaman maraya a gidan riƙo ba sai an fassara masa wannan ba. Seita ya yi zuciya ya ɗauki ƙanwarsa suka koma wani tsohon ramin fakewa a bakin tafki, kwanakin farko har daɗi suke ji, daga nan sai ƙuraje, sai gudawa, sai satar amfanin gona, likita ya duba ta ya ce ba magani take buƙata ba abinci ne, shi kuma ya daka masa tsawa ya ce to ina abincin? Wurin da ta kwanta tana tsotsar ƙwallon gilashi a zaton alewa ce, ta mulmula laka ta miƙa masa wai ga shinkafa ta dafa masa, nan ne yawancin mutane ke dakatar da fim ɗin su fita waje.

Abin da ya sa na ɗauke shi da daraja shi ne bai wanke yaron ba. Za ka tashi kana gardama da kanka, shin da ya haɗiye girman kansa ya koma ya ba gwaggon haƙuri kamar yadda wani manomi ya shawarce shi, da yarinyar ta rayu? Ita gwaggon muguwa ce ko kuwa mace ce da ke ƙirga hatsi a shekarar yunwa? Takahata kansa ya sha cewa bai yi shi a matsayin fim ɗin adawa da yaƙi ba, ya fi damuwa da yadda yaran suka ware kansu daga jama'a. Ni dai ina ganin laifin ya fi yawa a wuyan manyan da suka ga yara biyu a rami suka wuce, amma na ji masu cewa Seita ne ya kashe ta, kuma ban iya rufe musu baki gaba ɗaya ba. Shi ne mafi gajarta, shi ne mafi sauƙin samu tunda Netflix ta saka shi a 2024, akwai shi da muryar Turanci, kuma shi ne zai fi saurin sa ka kuka. Amma in kana da ƙaramar yarinya a gida mai shekara uku zuwa biyar, ko ka taɓa binne yaro, ka tsallake shi, ba abin kunya ba ne.

Sai na Ruwanda. Su biyun kan abu ɗaya suke, kwana kusan 100 daga 7 ga Afrilun 1994, washegarin harbo jirgin shugaba Habyarimana, inda aka kashe mutum wajen 800,000 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, akasarinsu 'yan Tutsi, da yawa da adda. Hotel Rwanda na 2004 shi kowa ya sani, Don Cheadle ya fito a Paul Rusesabagina, manajan otal ɗin Mille Collines da ke Kigali inda mutum 1,268 suka fake suka tsira. Fim ne mai kyau, yana da wurin da ba a mantawa, inda motarsu ke ta tangal-tangal a hanya cikin hazon asuba ya ɗauka ramuka ne, ya sauko ya ga ashe gawarwaki suke takawa. Amma gaskiya an yi masa sassauci, a Amurka ma 'yan shekara 13 na iya kallonsa, yawancinsa a Afirka ta Kudu aka ɗauka, kuma yana ba ka gwarzo guda da za ka riƙe, iyalinsa sun tsira, ka tashi da ɗan sanyi a rai. Shi kaɗai ne a jerin nan da za a iya maimaitawa. Sannan labarin mutumin kansa ya zama abin taƙaddama, wasu daga waɗanda suka fake a otal ɗin sun musanta yadda aka nuna shi, shi kuma ya zama babban mai sukar gwamnatin shugaban Ruwanda Paul Kagame, aka kama shi a 2020, aka yanke masa shekara 25 a 2021 kan zargin ta'addanci a shari'ar da ƙasashe da dama suka soka, aka sake shi a 2023. Ka kalla, amma ka sani labarin mutum ɗaya ne ta bakin mutum ɗaya.

Sometimes in April na 2005 ya fi shi gaskiya nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi zafi. Raoul Peck ɗan Haiti ne ya yi shi, a cikin Ruwanda aka ɗauka, minti 140. Idris Elba ya fito a Augustin, soja ɗan ƙabilar Hutu, wadda masu kisan suka fito daga cikinta, mai mata 'yar Tutsi, ɗan uwansa Honoré kuma ma'aikaci ne a gidan rediyon RTLM da ke kiran mutane kyankyasai yana karanto sunaye da wuraren da suka ɓuya. Augustin ya damƙa wa ɗan uwan nasa matarsa da yaransa maza ya fitar da su, bai sake ganinsu ba, sai bayan shekara 10 ya tafi Arusha ta Tanzaniya inda ake yi wa Honoré shari'a don ya ji daga bakinsa abin da ya faru a shingen da aka tare su a hanya. Akwai wurin makarantar 'yan mata inda aka ce 'yan Hutu su ware gefe su bar 'yan Tutsi, suka ƙi, aka buɗe musu wuta gaba ɗaya. Akwai masu kwana cikin fadama tsakanin gawarwaki. Ana kuma yanka zuwa Washington inda jami'ai ke ta kauce wa furta sunan abin da ke faruwa don kar ya zama dole su yi wani abu. Af, a lokacin Najeriya na cikin Kwamitin Sulhu, Ibrahim Gambari ne wakilinmu, kuma yana cikin waɗanda suka nemi a ƙara sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda, aka ƙare da rage su zuwa 270. Sojojin Ghana na cikin 'yan kaɗan da suka tsaya har ƙarshe.

Tsakanin biyun, in da matasa 'yan sakandare za ka kalla ko wanda bai san komai kan Ruwanda ba, Hotel Rwanda. In kai kaɗai ne kuma kana son ka fahimci yadda rediyo da katin shaida mai nuna ƙabila da maƙwabci suka haɗu suka yi wannan aiki, Sometimes in April, kuma ina ganin duk mai riƙe makirufo ko mai shafi da mabiya da yawa ya kamata ya zauna ya kalle shi. Rauninsa shi ne ya ɗan yi tsawo, kuma wasu wuraren na Amurka sun yi kama da darasi a aji.

Beasts of No Nation ba zan daɗe a kansa ba. Na 2015 ne, Cary Fukunaga ya ɗauke shi a Ghana daga littafin Uzodinma Iweala, labarin yaro Agu da aka mayar sojan yara a wata ƙasar Afirka ta Yamma da ba a ambaci sunanta ba. Abraham Attah, yaron Ghana da bai taɓa fim ba, ya yi wasan da ya ci masa kyauta a bikin Venice, Idris Elba kuma ya fito a Kwamanda mai daɗin baki da ke lalata da yaran da yake kira 'ya'yansa. Wurin da aka miƙa wa Agu adda aka ce ya sari wani bawan Allah da ke roƙo a durƙushe ya isa ya hana ka cin abinci. Ya fi sauran jini a fili, ga ƙwaya ga fyaɗe, kuma rabinsa na biyu ya ɗan saki. Yana da kyau, amma a wurina yana bayan huɗun can, wato in aka cire Hotel Rwanda. Wanda ke son abin da ya fi kusa da gida kuma da Hausa, akwai The Milkmaid na 2020 da Desmond Ovbiagele ya ɗauka a Taraba, kan 'yan uwa mata biyu Fulani da masu tayar da ƙayar baya suka sace, wanda Maryam Booth ta ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA da shi, sai dai kusancin nasa shi ne nauyinsa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi zaɓen fim muhimmanci, wato da wa kake kallo. A cikinmu akwai waɗanda ƙona ƙauye ba labarin 1943 ba ne a wurinsu, daga Borno da Yobe da Diffa har Zamfara da Katsina akwai mutanen da suka gudu da kayan jikinsu, kuma wani lokaci suna zaune a ɗaki ɗaya da kai ba su taɓa ba ka labarin ba. Kunna wa irin wannan mutum Come and See ko Beasts ba tare da ka gaya masa abin da ke ciki ba kamar ka ja shi gidan makoki ne ka zaunar da shi kusa da uwar mamaci. Ka faɗa masa tukuna, in ya ce a canza a canza. Haka mai juna biyu, haka wanda ke fama da hawan jini ko rashin barci.

Kuma kar ka fara ɗayansu ƙarfe goma sha ɗayan dare kana kwance kai kaɗai da waya a hannu. Da rana ko bayan la'asar ya fi, ranar da ba ka da aiki washegari da sassafe, da mutum ɗaya ko biyu da za ku iya zama ku yi magana bayan an gama, ba taron abokai masu surutu da za su mayar da abin wasa ba. Ka sauke shi gaba ɗaya kafin ka fara, ka tabbata akwai caji, don Aida musamman ba ya son a yanke shi a tsakiya, gudun nata ne ke riƙe da fim ɗin, in nepa ta ɗauke ka dawo bayan awa biyu ka rasa rabin abin. Ni jerin da zan ba mutum shi ne Aida da farko, in ya ga zai iya sai Sometimes in April bayan wasu makonni, Fireflies in ba shi da ƙaramin yaro a gida, Come and See kuma sai ranar da shi da kansa ya zo ya tambaya.